Laimar Kwaɗi Mai Hatimi

A unguwar Bracodi, a bayan wani gidan haya mai ɗakuna da yawa da tsakar gida ɗaya, irin wanda mutanen Abidjan ke kira kur, akwai wani ɗan fili tsakanin bangon makewayi da katangar maƙwabta. In aka shimfiɗa tabarmin sallar mutanen gidan ma ba zai ɗauke su ba. Wannan fili shi Mijinyawa mahauci yake kira gonarsa.

Mijinyawa yana da teburin nama a babbar kasuwar Adjamé, kuma ba wanda ya isa ya raina hannunsa a kan wuƙa. Amma in ka zauna da shi ba zancen nama zai yi maka ba, zancen noma zai yi. A faɗarsa, kakansa a ƙasar Gobir ya noma gero wanda sai da tsani ake yanke kansa, kuma wannan jinin ne ke gudu a jikinsa. Shekara da shekaru yana shuka a filin. Kuɓewa ta kai gwiwa ta tsaya. Tumatir ya yi fure ya zubar. Yakuwa kuwa, akuyar maƙwabta ce ta san ɗanɗanonta.

To, a damanar wannan shekara matan gidan suka gaji. Tsakar gida ta yi musu kaɗan, ruwan wanki yana gangarawa har ƙofar ɗakuna, igiyoyin shanya sun sarƙe kamar gidan gizo. Balaraba mai sayar da aceke, wato dambun rogo, ita ce ta ja su zuwa wajen Alhaji Nomau, dillalin shanu, wanda ya fi kowa daɗewa a gidan, kuma mai gidan ya bar masa yanke duk wata magana. Suka ce a zuba wa filin siminti, a ja famfo, ya zama wurin wanki.

Alhaji Nomau ya kira Mijinyawa ya ce, "Ran Lahadi bayan la'asar za mu zauna. Ka nuna mana abu guda da gonar nan ke sa wa a bakin mutanen gidan nan. In akwai, ta zauna. In babu, siminti."

"Alhaji, abu guda? Ai sai dai ku ce ya isa haka."

A ranar ya ɗauko buhunan kashin shanu daga kara ya juye a filin, har sai da gidan duka ya rufe tagogi. Ruwa ya kwana biyu yana zuba. Ran Alhamis da safe ya fito da butarsa, ya leƙa gona, sai butar ta faɗi daga hannunsa.

Filin ya cika da wasu fararen abubuwa masu ƙafa ɗaya da hula. Wasu hularsu a dunƙule take kamar ƙwai, wasu ta buɗe kamar faifai, da ɗige-ɗigen ruwan ƙasa a kai. Ya tsuguna ya cire ɗaya ya juya. Ƙarƙashin hular layi-layi ne a jere, fari mai ɗan sirkin kore.

"Hajjo! Hajjo, fito ki ga aikin manomi!"

Matarsa ta fito da muciya a hannu, ta duba, ta ja baya.

"Baban Bilki, wannan ai laimar kwaɗi ce. A garinmu ko da ƙafa ba a yarda yaro ya taɓa ta."

"A garinku. Nan Abidjan ne. Wannan shi ake kira shampiyon. Turawan unguwar Plateau da cokali mai yatsu suke cin sa, suna lumshe ido. 'Yan ƙabilar Baule kuwa in sun sa shi a miyar kwakwa, nama ma gefe suke ture shi."

"To kai ka shuka shi?"

"Wa ya zuba taki?"

"Shanu."

"Wa ya ɗauko?"

Hajjo ta koma wajen tukunyarta, don ta daɗe da sanin halinsa.

Kafin rana ta ɗaga, duk wanda ya zo wucewa zuwa makewayi sai da Mijinyawa ya tare shi ya yi masa bayani. Iri ne da wani Bafaranshe ya ba shi a asirce. Ba ya fitowa a hannun kowa sai mai jinin noma. Nan da shekara otal-otal za su riƙa turo motoci ƙofar gidan. Balaraba ta tsaya da bahon wanki a ka tana saurare har ya kai aya.

"Malam Mijinyawa, ana dai cin sa ko?"

"Tambaya kike yi?"

"Tambaya nake. Don akwai irin da ake ci, akwai irin da sau ɗaya ake ci."

"Ni mahauci ne, Balaraba. Hanta in na kalle ta daga nesa na san saniyar ta yi tari ko ba ta yi ba. Wannan ɗan abin ne zai ɓoye mini ciwonsa?"

"To Allah ya kai mu Lahadi. Ni dai na riga na sayi sabulu."

Maganar ta zauna masa a ciki. Da gida ya yi shiru sai ya yanki ɗan guntu ya ajiye wa kyanwar gidan. Kyanwa ta zo ta shinshina, ta dube shi, ta juya ta tone ƙasa ta rufe abin kamar yadda take rufe nata. Mijinyawa ya ce wannan kyanwar birni ce, soyayyen kifin masu aceke ya lalata ta. Ya leƙa ta katanga ya jawo akuyar maƙwabta da kunne, ya miƙa mata laima guda a cikin kwandon kaba. Akuya ta ture laimar da hanci ta cinye bakin kwandon. Mai akuyar ta leƙo tana ihu da yaren Jula, wai ana so a kashe mata dabba, sai da Hajjo ta fito ta ba ta haƙuri.

"Ka gani ko?" in ji Hajjo. "Akuyar da ta ci takalminka bara ta ƙi shi."

"Akuya ta san shampiyon? Ta taɓa zuwa Plateau?"

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci ya naɗe manya guda uku a tsohuwar jarida ya hau bas zuwa Treichville. Ya san layin da matan Baule ke kasa irin wannan kaya a kasuwa, baƙaƙe busassu da ɗanyu masu ruwan toka da ake cirowa a jikin ruɓaɓɓen kututturen kwakwa. Ba tambaya zai yi ba, Allah ya sawwaƙe. Zai dai nuna kayansa ne, ya ji abin da za su ce.

Ya tsaya gaban wata dattijuwa mai faffaɗan tire, ya buɗe jarida a hankali.

"Tanti, kin taɓa ganin masu girman waɗannan?"

Matar ta janye tirenta kusa da ƙafarta.

"A ina ka samo?"

"A gonata."

"A jikin me ya fito?"

"A jikin ƙwarewa."

"Tonto, ɗauke shi daga kan kayana. Ni abin da nake sayarwa a jikin kwakwa muke cire shi, inda uwata ta nuna mini. Wannan ban san shi ba. Abin da ban sani ba kuwa ba na cewa a ci, ba na cewa kar a ci. Cewa nake a kai shi nesa da ni."

Ta kusa da ita ta leƙo ta ce wani abu da Baule, duk layin ya fashe da dariya, wata har tana dukan cinya. Mijinyawa ya naɗe jaridarsa da mutunci. A bas ɗin dawowa ya gaya wa wanda ke kusa da shi cewa ya tayar da hankalin kasuwar Treichville gaba ɗaya. Hassada ce kawai. Sun ga nasa ya ninka nasu.

Duk da haka ya kwana yana juyi, ya wuni Asabar yana saran nama ba a kan gaɓa ba. Sai ran Lahadi da safe, yana rataye haƙarƙari a ƙugiya, idonsa ya faɗa kan shuɗin hatimin da ke jikin naman, dabara ta faɗo masa.

Duk mahaucin Abidjan ya san wannan hatimi. Likitan dabbobi ne ke buga shi a mayanka bayan ya duba huhu da hanta. Naman da ke da shi, ko wace irin madam ta zo ba ta da ta cewa. Naman da ba shi da shi kuwa, ko daga Makka aka kawo saniyar, kwashe shi za a yi. Mijinyawa tun yana saurayi yake rayuwa a ƙarƙashin wannan doka, kuma a ganinsa duk abin da za a sa a baki, hatimi ne ke raba gardama a kansa. Alhaji Nomau da ya tsufa a cikin shanu ba zai yi musu da hatimi ba. Balaraba ma ba ta isa ba.

Da likitan ya shigo zagayen layin mahauta da farar rigarsa, Mijinyawa ya tare shi da gaisuwa mai tsawo, sannan ya fito da laimar da ta fi kowace girma daga ƙarƙashin tebur.

"Dokta, ɗan tampon ɗin nan za ka buga mini a nan."

Likita ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Wannan mece ce?"

"Shampiyon. Na gona ne, ba na daji ba. Lafiyarsa ƙalau, ni na duba."

"Tana da huhu?"

"A'a."

"Tana da hanta?"

"Dokta, ai shi ya sa aikin zai yi maka sauƙi."

"Malam, ni shanu da tumaki na karanta. Wannan ko mutanen da suka karance shi sai sun kai shi ɗakin bincike kafin su buɗe baki. Akwai masu kama da juna kamar tagwaye, ɗaya abinci, ɗaya makabarta. Wuta ba ta kashe dafinsa, gishiri ba ya kashewa. Jefa shi a kwata ka wanke hannunka kafin ka taɓa naman mutane."

Ya wuce. Mijinyawa ya bi bayansa da kallo, ya ce a ransa ashe har likitoci hassada ta kama.

Teburin da ke jikin nasa na Ɗan Azumi ne, abokin gardamarsa na shekara da shekaru. Ɗan Azumi ya tafi shan shayi, ya bar wata ƙatuwar cinyar bijimi a rataye, wadda wata madam mai gidan abinci a unguwar Liberté ta sa a ajiye mata. Hatimin da ke jikinta ya fito sarai, shuɗi kamar an rina a marina. Mijinyawa ya duba hagu ya duba dama. Ya tsoma yatsu a ruwa ya jiƙa hatimin, ya manna hular laimar a kai, ya danna da tafin hannu yana kallon rufin kasuwa kamar mai tunanin lahira. Da ya ɗaga, ga shuɗin da'ira a kan farar hula. Ba ta fito sosai ba, amma hatimi ne. Wanda ke jikin cinyar kuwa ya zama kamar an zubar da shuni a kan kitse. Ya juya cinyar ta fuskanci bango, ya rufe teburinsa da wuri.

Kafin la'asar ya hura gawayi a tsakar gida. Ya yayyanka sauran laimomin yadda ake yanka tsire, ya shafa mai, ya barbaɗa ƙuli-ƙuli da yaji, ya jera a tsinke. Gaskiya ƙanshi ya tashi, don yajin Mijinyawa ko a kan tsumma aka zuba shi sai ya yi ƙanshi. Mai hatimin kuwa bai yanka ta ba. Ya ɗora ta a tsakiyar tiren shayin Hajjo, kamar amarya.

Aka idar da salla, aka shimfiɗa tabarmi. Alhaji Nomau ya zauna a kujerarsa ta katako da carbi a hannu. Maza a gefe guda, mata a gefe guda, Balaraba a gaba. Mijinyawa ya fito cikin babbar rigarsa ta Idi, ya dire tire a gaban Alhaji.

"Jama'a, an ce gonata ba ta ciyar da kowa. Ga abinci. An ce ba a san ko ana ci ba. Alhaji, kai ka san wannan shuɗin. Gaya musu."

Alhaji Nomau ya sunkuya ya ƙura ido.

"Hatimin likita ne."

Mata suka dubi juna. Balaraba ta matso ta leƙa.

"Likita da kansa?" in ji ta.

"Sai da ya sara mini. Ya ce, Musye Mijinyawa, tunda nake aiki ban taɓa ganin mai lafiyar wannan ba. Har roƙo na ya yi in ba shi iri." Ya ɗauko tiren tsire. "Bismilla, Alhaji. Babba shi ke buɗewa."

Alhaji ya shafa muƙamuƙinsa ya ce haƙoransa kwana biyun nan ko fura sai ya tace. Malam Inusa mai jan sallar gidan ya ce yana da tambaya tukuna: abin nan nama ne ko ganye? In nama ne, wa ya yanka shi, kuma ya fuskanci alƙibla? In ganye ne, me ya kai hatimin mayanka kansa? Sai ya duba littattafai. Wani direba ya ce shi zai yi tuƙi. Balaraba ta ce tana ramuwar azumi.

"Ɗazun nan na ga kina cin aloko, soyayyar ayabar nan," in ji Mijinyawa.

"Bayan nan na ɗauka." Ta gyara ɗankwali. "Amma ai ko a bakin titi, mai tsire shi ke fara ɗanɗana gishirinsa. Ci mu gani, Malam. Kai da kake da hatimi."

Kowa ya zuba masa ido. Mijinyawa ya dubi Hajjo, Hajjo ta girgiza masa kai a hankali. Ya dubi tsinken da ke hannunsa. Maganar likita ta dawo masa kunne, ɗaya abinci, ɗaya makabarta. Amma ido ya yi yawa. Ya yi bismilla da ƙarfi, ya zare yanka guda da haƙori, ya tura shi can gefen kumatu, inda yake ajiye goro. Ya shiga motsa muƙamuƙi yana tauna iska, yana lumshe ido irin na Turawan Plateau.

"Ya ya?" in ji Balaraba.

"Mmm," in ji Mijinyawa, ya ɗaga babban yatsa.

Dabararsa ita ce ya ɗan zaga baya ya tofar. Amma yana ɗaga ƙafa sai Alhaji Nomau ya ɗaga carbi.

"Zauna, ai yanzu aka fara. Mun ga kai kana ci. To yi mana bayani. Abin nan kullum zai riƙa fitowa, ko sai an yi ruwa? Kuma tunda kai kaɗai ka iya cin sa, ta yaya zai ciyar da gida?"

Nan fa. Mijinyawa, wanda tunda ya zo Abidjan ba a taɓa yi masa tambaya ɗaya bai ba da amsa goma ba, ya zauna baki cike. Yaji ya fara aiki. Miyau ya taru, ba halin haɗiyewa, ba halin tofarwa. Ya yi nuni da hannu sama, ya yi nuni ƙasa, ya zana da'ira a iska.

"Me yake cewa?" in ji Alhaji.

"Cewa yake a zuba siminti daga nan har can, a zagaye da famfo," in ji Balaraba.

"Mmm! Mmm!" Mijinyawa ya kaɗa kai da ƙarfi, hawayen yaji suna zubo masa.

"Ka ga har kuka yake don daɗi," in ji direba.

"Mijinyawa, in kana da magana ka yi ta," in ji Alhaji. "Ni ban taɓa yanke wa mutum hukunci ban ji bakinsa ba. Ina sauraron ka."

Kumatunsa suka kumbura. Gumi ya jiƙa wuyan rigar Idi. Yara suka matso suna leƙen fuskarsa. Hajjo ta sa gefen mayafi ta rufe nata bakin, ba a san ko kuka take ko dariya ba.

Ana cikin haka sai aka ji ƙarar amalanke a ƙofar gida, irin wadda ake kira wotoro. Ɗan Azumi ya shigo ko sallama babu, da cinyar bijimin nan a kafaɗa. Ya dire ta a kan tabarma gaban Alhaji, ya juyo da wajen shuɗin.

"Alhaji, dubi abin da aka yi mini! Madam ta zo ɗaukar namanta ta ce tampon ɗin jabu ne, wai mushe na saya na shafa masa bula. A gaban mutane! Ta tafi wajen wani. Masu tura kaya sun ce sun ga wannan mutumin yana manna wa cinyata kwaɗo!"

"Laimar kwaɗi," in ji Malam Inusa, don yana son magana ta tafi daidai.

Alhaji Nomau ya ɗauki laima mai hatimi ya kai hanci. Ya ɗora ta kusa da tabon da ke jikin cinyar. Ya lakato wani ɗan farin abu daga gefen hular ya murza a yatsa.

"Kitse," ya ce.

"Ɓarawon tampon!" in ji Ɗan Azumi. "Manomin makewayi!"

Duk abin da aka yi a ranar Mijinyawa ya jure, amma manomin makewayi daga bakin Ɗan Azumi ya fi ƙarfinsa. Ya miƙe tsaye, ya ja numfashi don ya mayar da wadda ta fi ta, sai aka ji maƙogwaronsa ya yi ƙwat. Kowa ya ji. Har kyanwa ta ɗago kai.

Ya tsaya baki buɗe, ba komai a ciki.

"Hajjo," ya ce da wata 'yar siririyar murya da ba a san shi da ita ba. "Ya wuce."

"Me ya wuce?" in ji Alhaji. "Ba tun ɗazu ka cinye ba?"

"Ajiye shi na yi, Alhaji! Ajiya ce! Hajjo, manja! Ku kawo manja! Likitan cewa ya yi in jefa a kwata!"

Gida ya hargitse. Wata ta kawo manja a kofi, wata ta kawo madarar gwangwani, direba ya daka gawayi ya dama da ruwa, mai akuyar maƙwabta ta leƙo ta katanga ta ce a ba shi ɗanyen ƙwai. Mijinyawa bai ƙi ko ɗaya ba. Malam Inusa yana tofa masa addu'a a ka, shi kuwa yana shan manja yana yin wasiyya: wuƙaƙensa a ba ƙaninsa, Ɗan Azumi ya yafe masa cinya, gonar kuma kar a taɓa ta sai ya yi arba'in.

"Ku bar ɗura masa tarkace, ku kai shi asibiti!" in ji Balaraba. Ita ce kuma ta naɗe laima mai hatimi da sauran tsiren a leda ta danƙa wa Hajjo. "Ki nuna musu abin da ya ci."

Taksi ba ya shiga lungun, Mijinyawa kuwa ya ce ƙafafunsa sun riga sun mutu. Aka ɗora shi a wotoron Ɗan Azumi. Ɗan Azumi ya ce shi ba zai bar namansa a gidan ɓarayi ba, ya ɗora cinyar a gefen Mijinyawa. Haka aka tura su su biyu ta tsakiyar Bracodi da yammacin Lahadi, lokacin da kowa ke zaune a ƙofar gida. Masu gasa kifi suka miƙe, 'yan kamashon ƙananan bas-bas da ake kira gbaka suka bar kiran fasinja.

"Yako, sannu tsoho! Me ya same shi?"

"Gonarsa ya ci," in ji Ɗan Azumi yana turi.

"Wanne ne na sayarwa a cikin biyun?" wani ya yi ihu.

"Mai tampon!"

Kafin taksi ya haye gada, cikin Mijinyawa ya fara juyawa da gaske. Ko laimar ce, ko manja da madara da gawayi da ƙwai ne suka haɗu suka yi shawara, Allah kaɗai ya sani. Direban taksin dai har suka isa Treichville kansa a waje yake ta taga.

A asibiti aka sa masa ruwa. Likitar da ta karɓe shi ta buɗe ledar Hajjo, ta daɗe tana kallon shuɗin da'irar, sannan ta kira abokan aikinta su ma su gani. Ta ce wa Hajjo da alama irin mai wanke ciki ne ya bar mutum da ransa, amma ba za ta rantse a kan abin da aka gasa da ƙuli-ƙuli ba. Akwai irin da mutum zai yi amai ya warke, ya tashi yana dariya, bayan kwana biyu hanta ta tsaya. Saboda haka zai kwanta, a riƙa ɗibar jininsa ana dubawa, har sai ta gamsu.

"Hanta?" in ji Mijinyawa daga kan gado. "Dokta, ni hanta daga nesa nake..."

"Baban Bilki," in ji Hajjo, "rufe bakin nan. Yau ka ga amfanin rufe shi, ka ga na buɗe shi."

Ya yi kusan mako a kwance. Mutanen gida suka riƙa zuwa da kunu da ayaba, Ɗan Azumi ma ya zo da romo, ya zauna ya shanye rabi. Da aka sallame shi ya rame, rigar Idi tana yawo a jikinsa, amma bakin ya dawo daidai. A cikin taksi ya gaya wa direba cewa dafin da ya sha zai kashe sa uku, likitoci har daga Faransa aka bugo waya ana tambayar irin jininsa. Ya kuma shirya jawabin da zai yi wa Alhaji, don a ganinsa zaman Lahadi bai ƙare ba, tunda shi bai yi magana ba.

Suka shiga gida da hantsi. Bai tsaya amsa sannu da zuwa ba, ya zarce bayan makewayi yana cewa, "Ina Alhaji? Maganar gonar nan..."

Ƙafarsa ta dama ta nutse har idon sawu. Ya kai ta hagu don ya tsaya, ita ma ta nutse. Ba taki, ba kuɓewa, ba ƙasa ko ta cika cokali. Siminti ne ɗanye, lumui, daga bango har katanga, magini yana tsugune a ƙarshensa yana shafe kusurwar da ta rage. Maginin ya juyo, ya ɗora hannu biyu a ka, ya fara zagi da harsuna uku.

Mijinyawa bai ji shi ba. Ya tsaya yana kallon wurin da yake tsugunawa kowace safiya kafin ya tafi kasuwa, yana murza ƙasa a hannu. A duk faɗin Abidjan nan ne kaɗai ƙasa ta san tafinsa. Sai da Hajjo da direban nan na gidan suka kama shi ta hammata suka cire shi, takalma suka zauna a ciki.

Magini ya zaro takalman ya ɗauko cokalinsa zai shafe ramukan. Balaraba ta dubi fuskar Mijinyawa, ta dubi sawun, ta ce, "Bar shi haka. Ma riƙa ajiye sabulu a ciki."

Sawun nan biyu suna nan har yanzu a gefen famfo, na dama ya fi zurfi. A ɗaya ake ajiye sabulu, a ɗaya soso. Duk baƙon da ya zo gidan kuwa, kafin a ba shi ruwa Mijinyawa zai ja shi bayan makewayi, ya ɗage zannuwan da aka shanya, ya nuna masa.

"Ka ga wannan? Da na ba su filin kyauta, cewa suka yi sai sun ajiye sawuna don tarihi. Na ce a'a, suka nace."

Matan da ke wanki ba sa ɗago kai. Sai dai Balaraba takan ce, "Malam, matsa, ka taka mana soso."